Bututun da Na Ɗaura wa Motar Modu

A cikin duk ranakun da na yi a bakin aikin kanikanci, akwai guda ɗaya da ta ƙi barin zuciyata, ita ce ranar da Modu direba ya kira ni a waya daga hanyar Nguru ya ce motarsa ta mutu a cikin ruwa. Na sha ba ku labarin injinan da na tayar bayan kowa ya fid da rai, har wasunku sun haddace suna kwaikwayon muryata in na juya baya, kada ku zaci ban sani ba. Wannan kuwa ban taɓa ba ku shi ba, domin babu abin alfahari a cikinsa. Jiya ne na ga ɗayanku ya zaro wani jan filta daga kwali yana shafa shi yana murmushi, sai na ce gara ku ji daga bakina tun ina da rai.

Ga waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, sunana Ya'u, amma a Gashua ba mai kirana sai da Injiniya, ko da yake ban taɓa zama ajin da ake koyar da injiniyoyi ba. Na koyi aiki a hannun Ba Kyari, wato Baba Kyari a bakin Barebari, shi ne mai garejin nan tun asali. A tsarinmu mai gareji ne a gaba, sai babban bakanike wanda ke karɓar mota ya yanke abin da za a yi mata, sannan masu kwancewa da ɗaurewa. Lokacin da abin ya faru ni ne babban bakanike. Ba Kyari idonsa ya yi rauni, ya daina riƙe sifana, sai dai ya zo da hantsi ya zauna a benci ƙarƙashin darbejiyar can, yana sauraron injina yana faɗin ciwonsu. Muna ganin girmansa, amma in za a faɗi gaskiya mun fara ɗaukar maganarsa kamar ta rediyo, tana yi muna aikinmu.

Shi Modu Babarbare ne, mutumin wani ƙauye a fadamar da ke tsakanin Gashua da Nguru. Ya daɗe yana tuƙa motocin mutane a hanyar Yusufari, har furfura ta fara fito masa bai taɓa riƙe makullin da zai ce nasa ne ba. Da mahaifinsa ya rasu aka raba gado, sai ya sayar da rabonsa na gonar shinkafa ya sayi wata farar a-kori-kura, tsohuwa ce amma injinta lafiya ƙalau. 'Yan'uwansa sun yi ta hana shi, ya ƙi ji. Niyyarsa ya riƙa kwaso kifi da shinkafa daga ƙauyukan fadama yana kai wa kasuwannin Nguru da Gashua. Bayan motar nan ba shi da komai. Matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa duk a jikinta suke ci.

Sai na ɗan yi bayani saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. Inji ba ya aiki sai da iska. Kamfani yakan ɗaga bakin da iskar ke shiga can sama kusa da murfin bonet, ta bi ta cikin wani akwatin roba mai filta, filtar ta tace ƙura da yashi, sannan iskar ta gauraya da fetur ta shiga inji. A can fistin zai hau ya matse ta, fulogi ya ba da wuta. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Idan ruwa ya cika saman fistin aka tilasta masa ya hau, to sai dai wani ƙarfe ya lanƙwashe ko ya karye, kuma yawanci kwanrod ne, wato sandar da ke riƙe da fistin. Wannan karatu ne na farko-farko, ba wanda zai ce ban san shi ba.

Modu ya kawo mini motar da bazara, ana tsakiyar zafin nan mai sa sifana ta ƙona hannu in an bar ta a rana. Akwatin filtarta ya tsage, murfin ma da robar tayar babur aka ɗaure shi, yashi yana shiga yadda ya ga dama. Na ce masa dole a canza. Muka tafi tare shagon Alhaji Sabo, mai sayar da kayan mota, wanda iyayensa daga Kano suka zo.

Alhaji ya ce, "Irin na kamfani babu shi a ƙasa. Sai dai in aika Kano, kuma ba zan yi maka alkawarin rana ba."

Modu ya ce ba zai iya ajiye mota yana jira ba, gida babu hatsi. Sai Alhaji ya jawo wani dogon baƙin bututu, irin wanda ake gani a motocin ƙungiyoyin agaji yana hawa ta gefen gilashin gaba har saman rufi. Ya ce wannan shi ne na masu shiga ruwa, amma sai an huda jikin mota.

Modu ya dafe ƙirji. "A huda mini mota? A'a wallahi, Alhaji. Ko ƙwarzane ba na so a jikinta."

Na ukun da ya fito da shi, shi ne wanda ya kashe mu. Bututun ƙarfe ne mai sheƙi, lanƙwasasshe, a bakinsa akwai jan filta mai siffar mazurari, a buɗe ba akwati. An yi shi ne ya gangara ƙasa bayan bamba, wai iskar can ta fi sanyi, mota ta fi ja. Modu ya ɗauka yana jujjuya shi, idonsa yana ƙyalli. Ba zan ɗora wa Alhaji Sabo laifi ba, domin ya juyo ya dube ni ya ce, "Injiniya, kai ka san aikinka. Zai yi masa?"

Na ce, "Zai yi."

Na daɗe ina ba kaina uzuri a kan kalmar nan. Nakan ce mu kanikawan yankin nan da yashi muka saba faɗa, mafi yawan shekara shi ne abokin gabarmu, kuma a ranar ko kogi ma ya ja baya, yara suna tsallake shi da ƙafa. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta. Ba wanda ya taɓa ɗaura irin wannan bututu a Gashua, ni kuma ina son a ce Ya'u ne ya fara.

Kafin azahar na gama. Na cire tsohon akwatin, na daidaita bututun, na ɗaure shi da kilif, jan filtar ya zauna a bayan bamba, tsayinsa daga ƙasa bai kai gwiwata ba. Modu ya shiga ya tayar, ya taka totur. Motar ta yi wani gurnani mai kauri wanda ba a saba ji a a-kori-kura ba. Direbobin da ke jiran gyara suka taso suka kewaye mu.

Sai na ji Ba Kyari yana kirana daga benci. Na je na durƙusa.

Ya ce, "Ya'u, ta ina motar nan take shaƙa? Daga ƙasa nake jin ƙarar."

Na ce, "Ta bayan bamba, Ba. Sabon yayi ne."

"Wace hanya za ta riƙa bi?"

"Fadama, Ba."

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "To ka gaya masa abin da ya kamata ka gaya masa."

Na ce zan gaya masa. Abu biyu ne kacal, ba su fi numfashi biyu ba. Na ɗaya, ya dawo kafin damina in ɗaga masa filtar sama. Na biyu, in har motar ta mutu a cikin ruwa, kada ya murɗa makulli, kada kuma ya bari a tura ta. Na koma wajen motar da maganar a bakina. Na tarar Modu ya fito yana dariya, ya aika an sayo lemo ana rabawa, direbobi suna ta cewa hannun Injiniya daban ne. Sai na ji nauyin in ce abin da na ɗaura yanzun nan yana da illa, a gaban mutanen da ke yabona. Na ce a raina damina da saura, zan faɗa masa wata rana mu biyu.

Daga nan kusan kullum sai ya wuce ta ƙofar garejin nan. Tun daga nesa muke gane gurnanin motarsa. In ya zo saitinmu sai ya danna hon sau biyu ya leƙo da kai ya gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Injiniya." Ni kuma in ɗaga masa hannu. Ranar da aka yi ruwan farko ina kwance ƙarƙashin wata mota, na ji ƙamshin ƙasa, na tuna da shi. Na ce gobe. Lambarsa tana cikin wayata, wayar tana cikin aljihuna. Aka shuka gero, ya tsiro, ya kai ƙugu, ina ta cewa gobe.

Cikin watan Agusta ne, ranar kasuwar Nguru, da hantsi, kiran ya shigo.

"Injiniya, mota ta mutu mini a cikin ruwa."

Na miƙe tsaye na ce, "Modu, kada ka taɓa makulli. Kada ka bari kowa ya tura ta. Kana jina?"

Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce, "Ai an riga an tura. Na murɗa makulli ta ƙi juyawa, na ce ko batir ne. Masunta suka taimaka suka fito da ita kan kwalta, suka tura, na saki kuloci a giya biyu. Sai na ji wani abu ya ce ƙas. Yanzu baƙin mai yana zuba."

Kun san al'adarmu. A ƙasar nan in mota ta mutu a hanya ba a tsayawa tambayar me ya same ta. Manomi zai ajiye fartanya, masunci ya ajiye koma, fasinja su sauko, kowa ya sa kafaɗa, kuma ba mai jiran a ba shi komai. Na sha yin alfahari da wannan hali namu a gaban baƙi. A kan batir da ya yi sanyi, babu maganin da ya fi shi. A kan injin da ya sha ruwa kuwa, shi ne yanka.

Na hau babur na kama hanyar Nguru. Ban san yadda na isa ba. Wurin wata 'yar gangara ce inda hanyar ƙauye ke haɗuwa da kwalta, ruwan fadama ya malalo ya kwanta a kai, ciyawar kacala ta fito gefe da gefe. Motar tana tsaye a bakin titi da kwandunan kifi a bayanta, mutane fiye da goma sun kewaye ta, wandunansu a jiƙe. Na dubi alamar ruwan a jikin ƙofa. Bai ma kai gwiwa sosai ba. Ina tsaye a wurin wata tsohuwar a-kori-kura, wadda ƙofarta da igiya aka ɗaure, ta shigo ruwan nan cike da buhuna ta ratsa shi ta wuce abinta, ko tari ba ta yi ba. Nata bakin iskar yana nan inda kamfani ya sa shi.

Na buɗe bonet. Jan filtar ya jiƙe sharkaf, har da ganyen ciyawa a manne. Na cire fulogai, ruwa ya biyo su. Sannan na kwanta na leƙa ƙasa. Kwanrod ya karye ya fasa gefen bulok, wato gangar jikin injin, ya yi ramin da hannuna zai shiga. Mai da ruwa sun gauraya sun yi fari-fari suna bin kwalta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san yadda aka yi. Modu direba ne mai hankali, a giya ɗaya ya shiga ruwan yana tafiya a hankali. Injin da ya sha ruwa a irin wannan tafiya sau da yawa tsayawa kawai yake yi, bai karya komai ba. Da an bar ta a yadda take, da na zo na cire fulogai, na juya injin ya tofar da ruwan, na canza mai, kafin la'asar tana kan hanya. Amma ƙarti goma sun tura ta a kan kwalta da gudu, ga nauyin kifi ya danne tayoyin baya bai bar su sun zame ba, duk ƙarfin ya tafi kan ƙarfe ɗaya.

Wani dattijo cikin masuntan, gumi yana zuba a fuskarsa, ya sunkuyo ya ce, "Malam, ko mu ƙara turawa? Ba mu gaji ba."

Na ce, "A'a, Baba. Kun yi iya yinku, Allah ya saka da alheri."

Ya ji daɗi, ya ce ai taimakon juna ne. Masu kifin suka tsayar da wata mota suka kwashe kayansu kafin rana ta ɓata su. Modu ya tsuguna ya kalli ramin, ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali.

Muka jawo ta Gashua da igiya. Washegari Ba Kyari ya sa aka kama hannunsa aka kai shi gaban motar. Ya lalubi ramin da yatsunsa, ya juyo inda yake jin numfashina ya ce, "Ka gaya masa?" Na sunkuyar da kai. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gida, kuma ya yi kwanaki bai zo benci ba.

Na yi ƙoƙari, amma ƙoƙarin bayan ɓarna ne. Injin ba ya gyaruwa, sai dai a sa wani. Alhaji Sabo ya yi ta buga waya Kano ana neman na hannu, duk wanda aka samu ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, har da abin da ni na iya haɗawa. Motar ta zauna ƙarƙashin darbejiyar can. Kullum da safe Modu zai zo ya share ganyen da ya zuba a kanta, ya goge gilashi, ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari. Sai yunwa ta shiga gidansa. Ya ce in cire batir a sayar, in an samu inji a sayi wani. Bayan batir sai tayoyi, aka ɗora ta a kan duwatsu. Bayan tayoyi sai giyabos. Ni da hannuna na kwance kowane ɗaya, kuma kowane kusa na kwance na san motar ba za ta ƙara tashi ba. Shi ma ya sani, amma ba wanda ya faɗa.

Ranar da 'yan gwangwan suka zo ɗaukar abin da ya rage, na ja shi gefe bayan gareji. Na gaya masa komai: tambayar Alhaji Sabo, gargaɗin Ba Kyari, maganar nan biyu da na riƙe a bakina tun bazara. Na ce, "Modu, ni na kashe maka mota. Na sani tun ranar farko, na yi shiru. Ka yafe mini, ko ka zage ni, duk wanda ka ga dama."

Na so ya zage ni, wallahi na so. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

Ya ce, "Injiniya, sau nawa na wuce ta ƙofar nan na yi maka hon?"

Na ce ba zan iya ƙirgawa ba.

Ya ce, "Kullum kana ɗaga mini hannu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya sa hularsa ya tafi, bai tsaya ya ga an ɗora ƙarfen a tirela ba. Na ji daga baya ya nemi tuƙi a wajen masu motoci, amma kowa ya riga ya ba yaransa, ga shi shekaru sun ja. Ya koma ƙauye. Yanzu ƙwadago yake yi, kuma mutumin da ya fi ba shi aiki shi ne wanda ya sayi gonar. Modu yana dashen shinkafa a gonar ubansa, da yamma a sallame shi kamar kowane ɗan ƙwadago.

Abin da na koya ba shi da daɗin faɗa. Kafin ka zaɓar wa mutum bututun iska, ko ma wane kaya, tambaye shi hanyar da zai bi, kuma ka tuna da watan da ba ka ciki, ko da bazara ka tuna da damina. Mai shiga fadama ya jira na kamfani ko da zai yi mako yana jira, ko ya yarda a huda jikin motar a sa dogon. In ya kafe sai mai sheƙi, ka ɗaga filtar sama cikin bonet, ka gaya masa haɗarin a gaban kowa, ko da za a daina yabonka. Kuma duk direban da ya fita daga garejin nan da damina, ku gaya masa in ta mutu a ruwa ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ba masu son turawa haƙuri. Ina faɗa ne kawai, ban ce za a ji ba. Bara ma na ga jan filtar nan a bayan bambar motoci uku a tashar Jakusko, masu su suna taka totur ana tafa musu. Na yi musu magana, ɗaya ya ce tsufa ne ya fara kama Injiniya. Sai yanzu na gane yadda Ba Kyari yake ji a kan bencin nan.

Ban ƙara ganin Modu ba sai watan jiya. Ina tsaye a ƙofar nan wata a-kori-kura ta taho daga wajen Nguru, fasinja sun cika bayanta. Yana cikinsu, zaune a kan buhu, ya riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ƙura ta rufe masa gemu. Da suka zo saitin gareji ya gan ni. Ya saki ƙarfen ya ɗaga mini hannu.

Ni ne na kasa ɗaga nawa.